Taga Uku: Tarihin da Ke Bayan Fim Ɗin Saint Maud

A watan Satumba na 2019, a bikin fina-finai na birnin Toronto, aka fara haska wani ɗan ƙaramin fim na Birtaniya mai suna Saint Maud, wato Waliyiya Maud. A sashen tsakar dare aka sa shi, inda ake tara fina-finan ban tsoro da waɗanda ba a san inda za a ajiye su ba. Tsawonsa minti 84 ne kacal. Shi ne dogon fim na farko da Rose Glass ta rubuta kuma ta ba da umarni, lokacin ba ta cika shekara 30 ba. Babu wani babban kamfanin Hollywood a bayansa. Kuɗinsa sun fito ne daga Film4 da Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, BFI. Wanda bai kalla ba ya sani cewa zan faɗi yadda ya ƙare, domin ba za a iya maganar fim ɗin nan a tsallake daƙiƙarsa ta ƙarshe ba.

Labarin gajere ne. Wata matashiyar ma'aikaciyar jinya mai suna Katie ta bar aikin asibiti bayan wata majinyaciya ta mutu a hannunta yayin da take ƙoƙarin farfaɗo da ita. Ta sake suna ta koma Maud, ta rungumi ɗarikar Katolika da hannu bibbiyu, ta kama aikin jinyar masu jiran mutuwa a gidajensu. Aka tura ta gidan Amanda, Ba'amurkiya, tsohuwar shahararriyar 'yar rawa wadda ciwon daji ya ɗora a keken guragu. Amanda ba ta yarda da addini ba. Tana shan taba da giya, tana da wata budurwa mai suna Carol da take biya tana zuwa mata da dare, kuma tana tsoron mutuwa ƙwarai. Maud ta ƙudurta cewa ba wanka da ba da magani kaɗai aka aiko ta yi ba, an aiko ta ne ta ceci ran matar nan kafin ta cika. A wajen bikin zagayowar ranar haihuwar Amanda aka yi wa Maud ba'a a gaban baƙi, ta ɗauke uwar gidan da mari, aka sallame ta. Daga nan sai ɗakinta, da muryar da take ji.

An yi ta jayayya kan tambaya ɗaya: shin da gaske ake yi wa Maud magana, ko tabin hankali ne? Ni a ganina fim ɗin bai ɓoye amsar ba, kuma ba nan nauyinsa yake ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ba a nuna ba. Daga farkon fim zuwa ƙarshensa ba mu ga Maud a coci ba. Ba ta da fada da take kai wa damuwarta, ba ta da abokan ibada, ba ta da wani babba da zai ce mata "wannan haka ne" ko "wannan ki bar shi". Ita ce liman, ita ce mamu, ita ce kuma mai ba kanta fatawa. A Kiristancin Turai wannan baƙon abu ne. An shafe ɗaruruwan shekaru ana gina hanyoyin tantance mai jin murya, kuma tarihin yadda aka gina su, aka zalunci mutane da su, sannan suka rushe, shi ne ƙasar da fim ɗin ya tsiro a kai.

Mu fara da ɗakin. A Ingila ta ƙarni na 13 akwai mata da suke zaɓar a rufe su a wani ɗan ɗaki da aka gina a jikin bangon coci, su zauna ciki har mutuwa. Ranar da za a shigar da mace, akan karanta mata wasu daga cikin addu'o'in da ake yi wa mamaci, alamar ta bar duniya. Da jin haka mutum zai ce ai babu kaɗaicin da ya kai wannan. Amma ba ta shiga sai bishop ya bincika ta, ya tabbatar da hankalinta, ya kuma tabbatar akwai mai ɗaukar nauyin cinta. A farkon ƙarnin aka rubuta wani littafin jagora mai suna Ancrene Wisse domin wasu 'yan'uwa mata uku da suka ɗauki wannan rayuwa. Littafin ya yi maganar taga uku. Ɗaya tana kallon cikin coci, ta nan take bin ibada tare da jama'a. Ɗaya tana buɗewa ga masu yi mata hidima, ta nan abinci ke shiga. Ta uku tana kallon waje, an rataya mata labule, ta nan mutanen gari ke zuwa neman shawara. An ma yarje mata ta ajiye kyanwa. Sannan marubucin ya hana ta azabtar da jikinta yadda ta ga dama: kada ta sa ƙarfe ko fatar bushiya a jiki, kada ta yi wa kanta bulala har jini ya fito, sai da izinin fadan da take furta wa zunubanta.

Wanda ya ga inda Maud ta jera ƙusoshi a cikin takalmanta ta fita yawo a gari, ko inda ta durƙusa a kan ƙwayoyin masarar gugguru tana addu'a, zai gane cewa mutanen ƙarni na 13 sun san irin wannan zuciya sarai. Sun san tana iya wuce gona da iri, shi ya sa suka kafa mata mai tsawatarwa.

Mafi shahara cikin matan ɗakin nan ita ce Julian ta birnin Norwich. A watan Mayu na 1373, tana da shekara 30 da 'yan watanni, ta kwanta ciwon da aka fitar da rai da ita, kuma a cikin ciwon ta ga abubuwa 16 da ta ɗauka an nuna mata ne daga sama. Abin sha'awa shi ne ita da kanta ta fara shakka. Da wani malamin addini ya zo duba ta, ce masa ta yi sambatu ta yi. Shi ne ya ɗauki maganar da muhimmanci, har ta ji kunya. Ta yi kusan shekara 20 tana juya abin da ta gani kafin ta rubuta dogon bayaninsa. Wajen 1413 wata mata ta zo tagarta, Margery Kempe, matar aure daga garin Lynn, uwar 'ya'ya 14, wadda ta yi watanni cikin gushewar hankali bayan haihuwarta ta fari, har sai da aka ɗaure ta. Margery tana jin murya, tana kuma fashewa da kuka mai ƙarfi a coci har ta ishi mutane. Ta zo ne ta tambaya ko yaudararta ake yi. Ma'aunin da Julian ta ba ta mai sauƙi ne: ta duba ko abin da ake sa mata a zuciya yana kai ta ga girmama Ubangiji da amfanar 'yan'uwanta, domin abin da ya saɓa wa ƙauna ba daga Ruhu mai tsarki yake ba. Margery ba ta tsaya nan ba. Ta yi ta kai kanta gaban malamai, wasu lokutan kuma kai ta aka yi da ƙarfi, har gaban babban bishop na York a 1417. Mace ce mai wuyar sha'ani, littafinta ma bai ɓoye haka ba, amma ba ta taɓa rasa wanda za ta yi gardama da shi ba.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan a matsayin sabon abu ba. Malaman tasawwufi sun daɗe da rarraba abin da ke ɗarsuwa a zuciya, wani daga Allah, wani daga mala'ika, wani daga son rai, wani waswasin Shaiɗan, kuma ba su yarda almajiri ya shiga halwa ba tare da shehin da zai riƙa jin abin da yake gani ba. Addinan sun bambanta, amma sun hango rami guda.

A Turai abin ya zama fanni mai ƙa'idoji. A 1415, a babban taron malaman coci na birnin Constance, Jean Gerson, shugaban jami'ar Faris, ya rubuta ɗan littafi kan gwada ruhohi, saboda gardamar da ta taso kan wahayin da Bridget ta Suwidin ta ce ta samu. Ya jera tambayoyin da za a yi: wane ne mai gani, me ya gani, don me, wa ya kai wa maganar, yaya rayuwarsa take, daga ina abin ya fito. Tambayar "wa ya kai wa" ita ce Maud za ta faɗi tun kafin a je ko'ina.

Sai dai kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Wanda ke da ikon tantancewa yana da ikon kashewa, kuma an yi ta kisan. A 1310 aka ƙona Marguerite Porete a Faris saboda littafin da ta ƙi janyewa. Yarinyar nan Joan ta Arc kuwa sau biyu aka auna ta. A 1429 malaman ɓangaren sarkin Faransa suka yi makonni suna yi mata tambayoyi a Poitiers, suka ce ba su ga aibu ba. A 1431 malaman da ke ƙarƙashin ikon Ingilishi suka yi mata shari'a a Rouen, suka ce muryoyinta na Shaiɗan ne, aka ƙona ta ranar 30 ga Mayu tana da kimanin shekara 19. A 1456 aka soke hukuncin, a 1920 aka ayyana ta waliyiya. Muryar ba ta sake ba, masu riƙe da gari ne suka sake. A Ingila ma, Elizabeth Barton, wata mai zaman zuhudu daga Kent, an girmama wahayinta har ranar da ta yi magana kan sabon auren Sarki Henry na 8. A 1534 aka rataye ta. Shekaru kaɗan bayan haka sarkin ya rushe gidajen zuhudu na ƙasar, tsakanin 1536 da 1540, ɗakunan nan masu taga uku suka tafi tare da su.

Muryar dai ba ta daina zuwa ba. William Blake, mai zane kuma mawaƙi da ya rasu a 1827, ya ce tun yana yaro ya ga mala'iku cike da wata bishiya a Peckham. A 1809 wata jarida ta kira shi mahaukaci a fili. Littafin zane-zanensa ne Amanda ta ba Maud kyauta a fim ɗin, da 'yar rubutacciyar zolaya a ciki tana kiranta mai cetonta, Maud kuma ta ɗauki zolayar a matsayin shaida. Daga baya ta yayyanke zanen ta manna a bangon da take ibada. Amma Blake yana da matarsa Catherine, wadda ta yi shekara 45 tana taya shi buga zanensa, kuma a ƙarshen rayuwarsa samarin masu zane irin su Samuel Palmer sun kewaye shi.

Akwai kuma wadda ta fi kusa da Maud ta fuskar sana'a. Ranar 7 ga Fabrairu 1837, wata yarinya 'yar shekara 16 ta rubuta cewa Ubangiji ya yi mata magana ya kira ta zuwa hidimarsa. Sunanta Florence Nightingale. Ta yi shekaru ba ta san wace hidima ba ce, tana fama da iyayen da ke ganin jinya aikin ƙasƙanci ne ga 'yar babban gida. Abin da ya fito daga kiran nan a ƙarshe shi ne asibitin sojoji na Scutari a yaƙin Crimea, da jadawalin alƙaluman mace-mace da ta tsara har ta girgiza gwamnati, da makarantar koyon jinya da ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Aikin jinya na zamani yana da wannan murya a tushensa. Haka ma reshen da Maud ke ciki, na kula da masu jiran ajali: Cicely Saunders, Kirista mai riƙo, wadda ta yi jinya kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan St Christopher a Landan a 1967, kuma ta gina shi ne a kan cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya da na ruhi da na iyali, don haka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ƙungiya ake buƙata, masu ɗaukar nauyin juna. Maud ta gaji kiran, ba ta gaji ƙungiyar ba. Kamfanin da ya tura ta gidan Amanda bai shigo labarin da gaske ba sai ranar da zai kore ta.

Kafin nan, alƙalancin ya riga ya bar hannun fada ya koma hannun likita. A asibitin Salpêtrière na Faris, Jean-Martin Charcot yana tara ɗalibai da 'yan kallo yana nuna musu mata masu farfaɗiyar da a lokacin ake kira histeriya. Daga 1876 aka fara buga hotunan matan nan a littattafai, wasu an ɗauke su idanu sama, hannuwa a buɗe, an rubuta musu sunaye irin na ibada a ƙasa. A 1887 Charcot da Paul Richer suka fitar da littafi suna bin tsofaffin zane-zanen coci na masu aljanu suna cewa ga alamomin cutar nan, ƙarni da yawa kafin a san sunanta. Wato kusan farkon abin da kyamara ta yi da fuskar mace mai fita hayyacinta shi ne ta mai da ita shaidar ciwo. William James, a laccocin da ya yi a Edinburgh aka buga a 1902, ya ƙi yarda da wannan saurin hukunci. Ya ce a auna abin da 'ya'yan da ya haifar, ba da inda ya fito ba, wanda kusan shi ne abin da Julian ta gaya wa Margery. Amma shi ɗin ne kuma ya ayyana addinin da zai yi nazari a matsayin abin da mutum ke ji shi kaɗai a keɓe, ya ajiye coci da jama'a gefe. Ban ce shi ya jawo ba. Ya dai ba da suna ga inda iska ke kaɗawa.

Silima ta ɗauki zaren daga nan. A 1928 Carl Dreyer, ɗan Denmak, ya yi fim kan shari'ar Joan, ya ɗauko maganganun daga takardun kotun na ainihi, ya manna kyamara a fuskar Renée Falconetti ba kwalliya ba komai. Wuta ta cinye asalin fim ɗin a Balin a shekarar da ya fito. An yi shekaru ana kallon gutsattsarin da aka harhaɗa, sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafi a wani ɗakin ajiya na asibitin masu tabin hankali kusa da Oslo. Da marubuci ne ya ƙirƙiri wannan a labari, da an ce ya yi yawa.

Joan ta Dreyer tana kewaye da alƙalai, mugaye ne amma suna nan. A 1951 Robert Bresson ya yi fim kan wani matashin fada a ƙauyen Faransa, mai ciwon daji a ciki, wanda mutanen ƙauyen ba sa so, yana rubuta damuwarsa a littafin sirri muna jin muryarsa. Shi ma yana da wani dattijon fada a ƙauyen maƙwabta da ke yi masa faɗa. A 1961 Ingmar Bergman ya kai mu wani tsibiri inda Karin, wadda aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa, take jiran Ubangiji ya fito ta wata ƙofa a ɗakin sama, da ƙofar ta buɗe sai ta ce gizo-gizo ta gani. Tana da uba da miji da ƙane, ba su iya komai ba sai kiran jirgi mai saukar ungulu. A 1966 Bergman ya rufe wata nas da wata 'yar wasan kwaikwayo a gida ɗaya a bakin teku a fim ɗin Persona, kuma duk wanda ya kalli Maud da Amanda zai ji ƙamshin wannan. Shekara guda kafin nan Roman Polanski ya yi Repulsion a Landan da kuɗin wani ƙaramin kamfani, inda wata budurwa ta zauna ita kaɗai a gida bangon yana tsagewa a idonta. A nan babu addini ko kaɗan, saura kaɗaicin tsagwaronsa. Sai 1976, Taxi Driver, wanda Paul Schrader ya rubuta. Schrader ya tashi a gidan Kiristoci masu tsauri, ya kuma rubuta littafi a 1972 kan Ozu da Bresson da Dreyer. Ya ɗauki littafin sirrin fadan Bresson ya miƙa wa direban tasi a New York, mutumin da ya naɗa kansa mai ceton wata yarinya da ba ta roƙe shi ba. Idan aka bi jerin nan a hankali za a ga mutanen da ke kewaye da mai jin muryar suna raguwa, fim bayan fim. Maud tana magana da mu kamar yadda fadan da direban suka yi, sai dai addu'a ce take yi, kuma wani lokaci har da 'yar ƙorafi, kamar ma'aikaciyar da ke tuna wa maigida cewa an yi mata alkawarin ƙarin girma.

Wurin da aka ɗauki fim ɗin ma yana da nasa tarihin. Scarborough ne, a gaɓar tekun arewa maso gabashin Ingila, ko da yake ba a ambaci sunan garin a ciki ba. A ƙarni na 17 aka gano wani ruwan maɓuɓɓuga a can da aka ce yana magani, masu kuɗi suka fara zuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1845, aka buɗe katafaren otal ɗin Grand a 1867, garin ya zama wurin hutun ma'aikatan masana'antun arewa. Da jirgin sama ya yi araha daga shekarun 1960, Ingilishi suka koma hutu Sifen, garuruwan gaɓar teku irin wannan suka shiga wani hali. Gidajen saukar baƙi da yawa aka yayyanka su ƙananan ɗakunan haya, irin wanda Maud ke ciki, gado da murhu da wurin wanke kwano duk a wuri ɗaya. Ben Fordesman, mai ɗaukar hoton, ya yi ta dawo da mu gaban wani gidan wasanni mai fitilu da aka rubuta wa Coney Island, sunan wani wuri a Amurka, Maud na wucewa ita kaɗai cikin hasken. A watan Janairu na 2018, shekarar da aka fara ɗaukar fim ɗin, gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista ta musamman kan matsalar kaɗaici. A ƙidayar 2001 kusan kashi 72 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kiristoci ne. A ta 2021 sun koma kashi 46, karo na farko da suka gaza rabi. A irin wannan gari, budurwar da ta ce ana yi mata magana daga sama ba za a ƙona ta ba, ba za a kai ta gaban bishop ba. Za a ɗan yi murmushi a sake magana.

Abin da Amanda ta yi ke nan, kuma a nan fim ɗin ya fi ciwo. Jennifer Ehle ta fito da ita a matsayin mace mai wayo wadda zaman jiran mutuwa ya gundura, ta sami abin wasa. Da Maud ta gaya mata yadda take jin kusancin Ubangiji a jikinta, Amanda ta yi kamar ita ma ta ji. Wannan ne karo ɗaya tak da wani ya gaskata Maud, kuma ƙarya ce. A sana'ata ta rubuta manhaja muna da wata masifa da muka sani: gwajin da aka rubuta shi yadda ba zai taɓa faɗuwa ba. Ya fi rashin gwaji haɗari, domin yana ba ka ƙarfin gwiwar da ba ka cancanta ba. Bayan wannan daren, duk abin da ya faru Maud tana karanta shi a matsayin tabbaci. Juyawar ruwa a wurin wanke kwano alama ce, juyawar giya a kofi alama ce, gajimare ma haka. Ranar da muryar ta yi magana a fili, bayan wani kyankyaso ya ratsa ɗakin zuwa wurin ibadarta, da harshen Welsh ta yi. Morfydd Clark, wadda ta fito a Maud, 'yar Wales ce mai jin harshen, kuma muryarta ce aka naɗa aka saukar da amonta ya yi kauri. Mafi yawan masu kallo ba za su gane ba. Amma Rose Glass ta riga ta ba da amsarta a nan: Maud ce ke tambaya, Maud ce ke amsawa.

Ina da ƙorafi ɗaya. Wurin da Amanda ta rikiɗe ta zama shaiɗaniya a idon Maud, kafin almakashi ya shiga, ya yi kama da abin da aka saba gani a kasuwar fina-finan tsoro, kuma fim ɗin ya fi ƙarfin wannan. Abin da ya zo kafinsa ya fi ban tsoro nesa ba kusa ba: mace mai mutuwa, murya ƙasa-ƙasa, tana ba da haƙuri, sannan tana faɗa wa yarinyar gaskiya cewa ba ta ji komai ba a wancan daren.

Taga ɗaya ce ta buɗe wa Maud, ita ma a makare. Joy, tsohuwar abokiyar aikinta ta asibiti, wadda har yanzu Katie take kiranta, ta ba ta lambar waya. Da Maud ta kira a daren da ta fi buƙata, ba ta sami zuwa ba. Daga baya ta zo har ɗakin, da kayan aiki a jikinta, tana ta surutu, tana cewa abin da ya faru a asibiti ba laifin Katie ba ne, ya kamata a ce sun lura tun da wuri. Magana ce ta gaskiya, irin wadda da an yi ta shekara guda baya da wataƙila ta isa. Maud tana tsaye tana kallon sama ta taga, ta juya mata baya. Ta sa mata albarka ta sallame ta.

Washegarin kisan, Maud ta yafa zanen gado ta sauka bakin teku, ta tuttula wa kanta sinadarin goge jan farce. Muna ganin abin da take gani: fukafukai masu haske a bayanta, sama ta buɗe, mutanen da ke wurin sun zube a kan gwiwoyinsu. Karo na farko ke nan da ta sami jama'a. Sai Glass ta yanke, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, zuwa abin da mutanen ke gani da ji. Joan ta Dreyer wasu ne suka ɗaure ta suka kunna wutar, kuma fim ɗin ya tsaya tare da ita har ƙarshe. A nan babu wanda ya yanke hukunci, babu wanda za a soke hukuncinsa bayan shekara 25.

An shirya fitar da fim ɗin a bazarar 2020, sai korona ta zo. Ya shiga gidajen silima na Birtaniya ranar 9 ga Oktoba 2020, a makon da kamfanin Cineworld ya rufe gidajensa, kuma ranar 5 ga Nuwamba aka sake kulle Ingila baki ɗaya. Duk da haka ya sami shiga takara 17 a kyaututtukan fina-finai masu zaman kansu na Birtaniya, Glass ta ɗauki ta sabon darakta, Fordesman ya ɗauki ta ɗaukar hoto. A Amurka kamfanin A24 ya yi ta ɗage ranar har ƙarshen Janairu 2021, bayan mako biyu kuma aka sa shi a talabijin da intanet. Mutane da yawa a gida suka fara ganinsa, a lokacin da aka taƙaita zuwa coci da masallaci da gidan maƙwabci.